Sunan da Bakina Bai Taɓa Kira Ba

"Ni dai na gaji, Umma. Wallahi na gaji. Shekara uku ina karatun injiniya, ban taɓa riƙe ƙarfen liƙe waya ba sai ranar jarrabawa. Kullum aka shiga ɗakin gwaji sai mazan su ce, ke kin fi mu kyan rubutu, riƙe biro. Su su taɓa na'ura, ni in rubuta abin da suka taɓa. To ga shi nan, na faɗi firatikal. Ni ba zan koma ba."

Ina murza ƙullin dublan a injin taliya ta faɗi haka. Ban ɗago ba. Na ce, "Kin yi La'asar?"

"Na yi."

"Kin ci abinci?"

"Umma, ki ji abin da nake faɗa mana."

"Na ji. Miƙo min farantin can. Wanda ya kai ki makaranta shi za ki gaya wa in ya dawo."

Ta miƙo farantin, ta shige ɗaki, ta turo ƙofa da ɗan ƙarfin da ya wuce tarbiyyar da na ba ta. Ni kuma na ci gaba da murzawa. Sai da ƙullin ya yi siriri kamar takarda ya yage a hannuna sannan na lura tun ɗazu shi ɗaya nake ta mayarwa cikin injin.

Kafin ku ce wannan wace irin uwa ce, ku tsaya tukuna. Yarinyar nan 'yar fari ce. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yabonsa, ba a jan shi a jiki a gaban mutane. Innata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari, Yaya Sanda, ba, kuma a kan cinyarsa ta cika. Wannan ɗaya ke nan. Sannan da aka haife ta, Malam ya tashi ya sa mata sunan mahaifiyarsa, Hajiya, wadda muke zaune tare a nan Unguwar Kanawa, ƙofar ɗakinta na kallon kicin ɗina. Sunan 'yar fari, kuma sunan uwar miji. Kwaɗo biyu a ƙofa ɗaya. Ubanta yana ce mata Mamana, Hajiya tana ce mata Takwara, ƙannenta Yaya, ni kuwa "ke". In tana nesa, "ke wannan". Ni kaina a unguwa Maman Suhaib ake ce min, da sunan mai bi mata. Ko a addu'a cewa nake, ya Allah, ka san wadda nake nufi. Don haka a nan ma ba za ku ga sunan ba. In wani ya kira, zan ce muku ya kira.

Amma kar wani ya ce ban damu ba. Ranar da sunanta ya fito a jami'a, wai injiniyan kwamfuta, rabin buhun fulawa na soye na raba gida-gida. Da aka tambaye ni na mene ne, na ce sadakar ciwon ƙafar Hajiya ce. Hajiya ta sha addu'a ranar, har ƙafar ta ɗan saki.

Da Malam ya dawo ta maimaita masa. Ya ce, "Mamana, a yi haƙuri, a dage da addu'a," ya ɗauki buta. A soro ya tsaya ya ce min ƙasa-ƙasa, "Ki ɗan lallashe ta mana."

Na ce, "Ni? In ce mata me?"

Ya ce, "Ke dai kin san na mata," ya wuce masallaci. Ya ƙulla sunan da hannunsa, ya bar ni da kwancewa.

Hutu aka fara lokacin. In aka koma ba ta koma ba, shi ke nan, shekara uku sun tafi a banza, ta dawo ta zauna gefen kasko irina. Sana'ata ba abin kunya ba ce, babu amaryar da aka kai a layinmu ba da garata ba. Amma ba don a samu mai suyar dublan ta biyu a gidan nan nake daɗewa a sujada ba.

Tana da ƙawa, Hafsat, 'yar layin bayanmu, ajinsu ɗaya. Ita zan iya tambaya tunda ba ni na haife ta ba. Na tare ta wata rana na zuba mata cincin a faranti.

"Hafsatu, wai ku a makarantar nan babu wata babbar mace da ke duba ku?"

Ta yi dariya har ta ƙware. "Umma, ai ƙungiya guda gare mu, ta tallafa wa mata masu karatun kwamfuta da injiniya. Sau uku ana ƙaddamar da ita."

"Mutuwa take yi ana sake haihuwarta?"

"A'a. Duk sabon shugaban da aka yi sai ya ƙaddamar da tasa. A raba mana riga ruwan hoda, a ɗauki hoto, a watse. Kuma kowaccenmu an ba ta menta. Babbar mace ce wadda ta riga mu yin karatun, ta riƙa ba mu shawara."

"Ta ƙawar taki fa, ina take?"

"Ta farko tana Kanada. Duk Juma'a tana turo mata hoton furanni a waya. Da ta rubuta mata cewa ta faɗi firatikal, sai ta turo hoton babban yatsa."

Na ce, "Allah ya kyauta."

"Amma yanzu Injiniya Lubna ta karɓe ta. Malamarmu ce. Ta je ta karɓo mukullin ɗakin gwaji, duk Asabar tana buɗe mana mu kaɗai, ba namiji ko ɗaya. Da ƙyar nake jan ta muke zuwa. Umma, in ta zauna gaban na'urar nan ko kira ba ta ji. Amma da mun fito sai ta ce ita dai ba za ta koma ba."

Na ce to, yanzu na gane. Su sa masa duk sunan da suke so, mu mun san abin tun kafin a haife su: uwar ɗaki ce. Ni ma Hajiya Jummai ce ta ɗauke ni ina amarya ta koya min ninkin dublan, tana buge min hannu in na yi kauri. Kuma ba a yi wa 'yarka uwar ɗaki ka zauna a gida ba ka je gaisuwa ba.

Ranar Lahadi na cika bokiti da dublan da alkaki, na tare keke zuwa Unguwar Rimi. Gidajen can duk katanga ce da get, ka yi ta sallama kare na amsawa. Na ɗauka wata hajiya zan tarar, mai gilashi, a kan kujera. Sai na samu yarinya ce ma, ba ta kai ƙanwata Harira ba, zaune a ƙasa da goyo a baya, kwamfuta a cinya, takardu ko'ina, shinkafa na ƙauri a kicin. Ban jira an ce ba na wuce na sauke tukunyar, sannan na dawo muka gaisa.

Ta buɗe bokitin ta ce, "Hajiya, har da wahala haka?"

"Ba wahala. Wanda ya riƙe maka yaro ai ya wuce haka. Aikin me kike yi ranar Lahadi?"

"Rahoton taron kwamiti nake bugawa. Ni kaɗai ce mace a sashenmu. Duk kwamitin da aka ce dole a sa mace, to ni ce macen. Na abinci ma ni ce."

"Na matan fa? Ke ce shugaba ke nan."

"Farfesa Ɗayyabu ne shugaba. Ni sakatariya ce."

"Saboda me?"

"Wai na fi su kyan rubutu."

Na ce, "Innalillahi. Ashe ciwon har manya yake kamawa."

Ta yi dariya har goyon ya motsa. Sannan ta rufe kwamfutar, ta kira sunan yarinyar cikakke, ko ɗar babu, ta ce, "Ban koyar da irinta da yawa ba. Firatikal ɗin nan in ta sake zauna masa za ta ci, hannunta ya riga ya faɗa. Yanzu ba waya ce matsalarta ba."

"To mece ce?"

"Kar ki ji haushi, Hajiya. Ta ce min ko ta ci ko ta faɗi, a wurinki duk ɗaya ne. Ta ce tun da take ba ki taɓa kiran sunanta ba."

Na ji kamar mai ya fantsamar min a fuska. Na ce, "Ba a gaya miki 'yar fari ce ba?"

"Ni ma 'yar fari ce."

"To kin san zancen."

"Na san shi. Daga inda 'yar take zaune na san shi."

Na gyara hijabi. Na ce, "Yaran yanzu komai sai an faɗa musu da baki. Wa ke ɓoye mata cinyar kaza a ƙasan tukunya? Wa ke kashe wa ƙannenta talabijin in tana karatu? Aljani?"

"Ta san ke ce. Amma a aji kullum da baki ake gaya mata nan ba wurinta ba ne. In ta dawo gida kuma sai ta ji shiru." Ta ɗauki dublan ɗaya ta ciza. "Asabar ta ƙarshe kafin a koma za mu yi Ranar Uwa da 'Ya. Ni na yi ta naci har aka yarda. Kowace uwa za ta tashi ta faɗi kalma biyu a kan 'yarta. Don Allah ki zo."

Na ce, "Zuwa dai zan zo, in sha Allahu." Na juye kayan a robarta na ɗauki bokitina.

Gaskiya na gwada. Wata hantsi kowa ya fita, ni kaɗai a kicin, na juya baya na fuskanci bango, na ce bari in ji yadda sunan yake a baki. Ko rabinsa ban kai ba sai na ji daga ɗaki, "Na'am? Wa ke kirana?" Kunnen Hajiya ba ya jin kiran sallah sai an taɓa ta, amma yana jin buɗe tukunyar nama ta bayan labule. Na ce, "Ba kowa, Hajiya, tari nake." Ta ce in sha zuma.

Ranar taron na ɗaura atamfata ta Sallah. Ita ta riga ni tafiya tun safe, wai su ne masu shirya wuri. A ƙofar babban ɗakin an rataye ƙyalle mai hoton wata Baturiya da hular kwano tana nuna sama da yatsa. Na bi yatsan da ido, silin ne ya ɓule.

Yaran duk sun saka rigunan ruwan hoda a kan hijabi, don in an saka a ciki ba a ganin rubutun, kuma an ce dole rubutun ya fito a hoto. Kowacce ta koma kamar an cusa filo a safa. A babban tebur maza ne jere, manyan riguna sun sha guga. Mace ɗaya ce, matar wani babba, ta zo a makare, aka ɗauke ta hoto da yaran, ta tafi wani taron. Kujerar Injiniya Lubna kuwa an ba wani da ya zo wakiltar wanda aka aiko ya wakilci babban baƙo. Ita tana tsaye a gefe. Su kuma 'yan matan da aka tara mu dominsu, su ne ke yawo da tire suna raba lemo da kaza. Na hango tawa tana zuba wa wani ruwa yana wanke hannu.

Farfesa Ɗayyabu ya tashi. Ya gaishe da babban tebur ɗaya bayan ɗaya, kowa da sarautarsa da digirinsa, har na fara gyangyaɗi. Sannan ya gyara murya ya ce, "Mata iyayenmu ne. Ni da kuke gani, mace ce ta haife ni." Aka yi tafi kamar yau ya gano hakan a ɗakin gwaji. Ya ce, "A sashenmu ba ma bambanta mace da namiji. Ƙofarmu a buɗe take. Mace za ta iya zama duk abin da... ke 'yata, ƙaro min mai sanyi, wannan ya yi ɗumi."

Bayansa wasu suka biyo, kowa ya fara da cewa ba zai tsawaita ba. Ɗaya ya ba mu labarin sanyin da ya sha a Ingila yana karatu. Wani ya yi alkawarin kwamfutoci, aka yi tafi. Hafsat na wucewa da tire ta raɗa min, "Umma, su ne dai na bara." Azahar ta yi, na fita baranda na yi sallata, na yi lazimi, na dawo na tarar mai Ingila ya sake karɓar magana don ya manta wani abu.

Sai can Injiniya Lubna ta samu makirfo ya faɗo hannunta, ta riƙe shi da hannu biyu. Ta ce yanzu ɗalibai za su nuna abin da suka haɗa a Asabar ɗin hutu. Wani a tebur ya ɗaga mata agogo. Ta yi kamar ba ta gani ba.

Hafsat ta nuna wani abu da ke kashe injin ruwa in tanki ya cika. Wata ta nuna nata. Sannan aka kira sunan. Tawa ta ajiye tire, ta goge hannu a rigar ruwan hoda, ta ɗauko wani ɗan akwati kamar na sabulu, da dogon ƙarfe kamar ƙusa a jikin waya. Ta kunna ƙaramin gas ta ɗora kasko. Na gane kaskon nan take. Ƙaramina ne da nake ta nema har na fara yi wa maƙwabta kallon banza. Ta zuba mai, ta tsoma ƙarfen.

"Ummata sana'ar dublan da alkaki take yi," ta ce. "In mai ya wuce zafinsa yana ƙona kaya, yana fantsama. Duk hannunta tabo ne. Wannan in mai ya kai daidai zai nuna kore. In ya wuce zai nuna ja, ya yi ƙara."

Na ja hannuwana cikin hijabi. Matar da ke kusa da ni ta leƙo ta ce, "Ke ce?"

Na ce, "Kaskon dai nawa ne."

Kore ya kama. Jim kaɗan abin ya yi tsuwwa, ja ya kama. Aka yi tafi, wannan karon na gaske. Farfesa ya sauko da kansa, ya karɓi akwatin ya jujjuya. "Madalla, madalla. Wane yaro ne ya taya ki?"

"Ni na yi, Farfesa."

"Madalla. Ki gaishe shi."

Aka ɗauki hoto yana riƙe da akwatin a ƙirji, ita tana can gefe, kafaɗarta ce kawai ta shiga.

Daga nan aka ce lokaci ya ƙure, iyaye su taƙaita. Wata hajiya ta tashi ta rungume 'yarta a gaban maza, tana Turanci tana kuka tana sumbatar goshi. Na tambayi ta kusa da ni, "Ta fari ce?" Ta ce ita kaɗai ma gare ta. Na yi a'uziyya a zuci. Maman Hafsat ta karɓa. Ita Hafsat ta huɗu ce a wurinta, ba abin da ya ɗaure mata baki, ta yi ta zuba yabo har aka karɓe makirfon.

Sai na ji an ce mahaifiyar wance, aka kira sunan. Injiniya Lubna ta tako har inda nake, ta sa min makirfo a hannu, ta ɗan matse hannun.

Wallahi da niyya na tashi. Tun a keke nake juya sunan a baki kamar mai tsotsar tsamiya. Na yi bisimilla, na yi salati. Na gode wa Farfesa tunda shi ne babba. Na gode wa Injiniya, na ce Allah ya raya mata goyonta, ya kuma ba ta kujera. Na juyo. Ga ta tsaye gefen kasko, idonta a kaina. Na buɗe baki. Sai na ga wayoyi sun ɗago sama kamar ana neman jinjirin wata. Na ce a raina, in na kira, kafin Magariba duk matan layinmu sun gani. Jikoki sun kai wa Hajiya har kan darduma.

Sai bakina ya bi hanyar da ya saba. Na ce, "Hafsatu yarinyar kirki ce. Tun tana ƙarama na san za ta yi abin arziki. Ga ladabi, ga ƙoƙari, ga kai. Wannan abin tankin da ta yi, Allah ya sa a same shi a gidan kowa. Allah ya yi mata albarka." A wurinmu haka ake yi, ka yabi na wani, wani ya yabi naka. Maman Hafsat ce ya kamata ta rama min, amma ta riga ta ƙarar da nata a kan tata.

Injiniya ta matso ta ce a hankali, "Taki fa, Hajiya?"

Na ce, "Ita kuwa waccan... ba laifi. Allah ya shirya. A dawo min da kaskona."

Ɗakin ya fashe da dariya. Farfesa har da buga tebur, ya ce wannan ita ce uwa ta asali, irin tasu ta da. Tafin da aka yi min ya fi na kowa, har na mai alkawarin kwamfuta. Ita ba ta yi dariya ba. Ta kashe gas, ta naɗe wayar a jikin akwatin a hankali, ta cire rigar ruwan hoda ta ninke ta ajiye a kan kujera. Injiniya ta karɓi makirfon ta ce, "Mun gode, Hajiya." Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

A keke kaskon ne a tsakaninmu, cikin leda. Har muka shigo layinmu tana kallon titi ta ɓangarenta, ni ina kallo ta nawa. Mai keken ma sai da ya gaji ya kunna rediyo. Ni dai a raina ina ta cewa ban yi ƙarya ba a wurin nan, kuma "ba laifi" ba zagi ba ne. Innata ko shi ba ta taɓa ce wa Yaya Sanda ba. Na faɗa wa kaina haka ya fi a ƙirga, bai zauna ba.

Washegari Lahadi, Litinin a koma. Ina da aikin garar wata amarya, bayan La'asar na hura wuta. Sai ga ta ta fito da zani ɗaure a ƙugu. Tun da safe na ga ta zuba littattafanta a buhu ta tura ƙarƙashin gado. Ta jawo kujera 'yar tsugunno, ta jawo injin taliya gabanta, ta fara murza.

"Me kike yi?"

"Sana'a nake koya. Ai gobe ba inda za ni."

Ta yanka, ta ninka, ta ajiye a faranti. Na saci kallo. Ninkin ya yi kyau, ko Hajiya Jummai ba za ta buge hannun nan ba. Abin da ya tsorata ni ke nan.

Na tashi na shiga ɗakinsu, na jawo buhun, na ɗauko ɗan akwatin daga sama. Na dawo na tsoma ƙarfen a mai.

"Ina ake kunnawa?"

Ta nuna da haɓa. Na danna. Muka zuba masa ido mu biyu har kore ya kama. Na zuba dublan, ya taso fes, launi ɗaya, ba ƙuna ba ɗanye. Na kwashe da matsami, na ce wa kaskon, "Wanda ya yi abin nan yana da kai."

"Wa ya yi?"

"Wanda ya yi ya san kansa."

"Farfesa ma ya ce a gaishe shi."

Na ƙara wuta ba dalili. Ƙofar Hajiya a buɗe take, labule a ɗage, tana kan darduma tana jan carbi, ana jin ƙwayoyin suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya.

Ta saki hannun injin. Ta ce, "Umma, mazan ajinmu zan iya da su. Yanzu in suka miƙo min biro na san abin da zan ce. Farfesa ma zan iya da shi, Injiniya kullum tana iyawa. Gobe in kin ce in tafi, zan tafi."

"To tafi mana. Wa ya riƙe ki?"

"Ba haka ba. Ki ce min in tafi, da sunana. Ba 'ke' ba, ba 'waccan' ba."

Na kalli ɗakin Hajiya. Carbin ya tsaya. Akwatin ya fara tsuwwa, ja ya kama, mai na hayaƙi, ban rage wutar ba.

Ta matso da kujerar har gwiwarta ta taɓa tawa.

"Sau ɗaya, Umma. Ko a hankali ne. Kira ni."